Irin Raken Baba

Mahaifina manomin rake ne a Dakko, cikin ƙasar Bakura. Yana yin shinkafa kamar kowa, amma ita don cin gida ce. Rake shi ne abin da ya sa wa rai. Irin da yake shukawa ja ne mai gajerun gaɓoɓi, ya gaje shi daga nasa mahaifin, bai kuma taɓa sayen iri a kasuwa ba. Duk shekara idan an yi sara sai ya ware kawunan raken, wato sashen sama mai idanu, ya mayar da su ƙasa. Haka raken ya yi ta haihuwar kansa tun kafin a haife ni.

Ni ce babbar ɗiyarsa. A gidanmu raken farko na shekara Baba ne ke fere shi da hannunsa, da wata 'yar wuƙa mai mariƙin ƙaho da ba ta rabuwa da aljihunsa. Gaɓoɓin gindi, waɗanda suka fi zaƙi, nawa ne. Ƙannena su sami tsakiya, kai kuma a ajiye don iri. Ƙanena namiji mai bi mini ya sha kuka a kan wannan rabo. Baba sai ya ce masa, “Kai gona za ka gada. Ita ko gindin ga kaɗai gare ta.”

Da aka yi mini aure aka kai ni Dosara, ƙasar Maradun, al'adar ba ta mutu ba. Duk shekara mai babur zai sauke damin rake a ƙofar gidanmu, a samansa kuma ga gindin raken farko, an ɗaure shi daban da tsumma. Ni kaɗai nake shan sa, ko maigidana ba na ba shi. Daga baya hanya ta lalace da rashin tsaro, zuwa gida ya zama abin da sai an yi shawara an tambayi masu babur kafin a fita. Ganin Baba ya ragu, muka koma waya. Amma damin bai taɓa fashi ba.

A shekararsa ta ƙarshe ne na fara jin wata sabuwar magana a bakinsa. Na kira shi in tambayi ciwon ƙafarsa, ya ce, “Ƙafa da sauƙi. Jiya ɗiyata ta Mafara ta zo, munka buɗe bokiti.”

Na ce, “Wace ɗiya ke gare ka a Mafara, Baba?”

Ya yi dariya ya ce malamar gona ce. Wata baƙuwar tsutsa ta shigo ƙasar, tana cin rake da shinkafa. Uwarta ƙaramin ƙwaro ne mai fukafukai, irin masu zuwa wurin fitila. Takan yi ƙwai a busasshen ganye, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda kara ta zauna a ciki, inda feshi ba ya isa. Rake sai ya yi ja a ciki ya yi tsami, shinkafa kuma kanta ya fito fari fat babu ƙwaya. Tun da kashe ta yana da wuya, ma'aikatan gona suka fi mai da hankali ga sanin inda ta kai. Suka kakkafa tarkuna daga Talata Mafara zuwa Bakura har Maradun. Tarkon bokitin roba ne mai murfi, a rataye kan sanda a bakin gona, an sa masa wani ɗan abu mai ƙamshin macen ƙwaron, mazan su biyo ƙamshi su faɗa ciki. Ɗaya daga cikin tarkunan a gonar Baba yake, malamar kuma tana zuwa duk mako ta duba.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Wayarmu da shi gaisuwa ce da addu'a, sai ya miƙa wa Inna. Amma daga ranar nan ya zama mai labari, kuma duk labarin nata ne. Ɗiyata ta ce kaza. Ɗiyata ta nuna mini ƙwan a bayan ganye. Ɗiyata ba ta tsoron laka. Ina riƙe da waya ina cewa “to, madalla,” ina jiran ya tambaye ni ko tarin da na yi fama da shi ya tafi. Wani lokaci yakan tambaya. Wani lokaci kati ya ƙare muna kan tsutsa.

Da lokacin sara ya matso sai ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba. Ya ce bana dami ba zai zo ba. An sami tsutsar a gonarsa, tarkunan Faru da Dosara kuwa har yanzu ba su kama komai ba, don haka ɗiyarsa ta roƙe shi kada rake ya ƙetara zuwa wajenmu.

Na ce, “Ko gindin ma?”

Ya ce, “Ko shi.”

Na ajiye waya na shiga ɗaki. Maigidana ya biyo ni ya ce ai gaskiyar malamar ce, shi ma yana da shinkafa a fadama. Na ce na sani. Sanin bai rage mini komai ba. Na roƙe shi ya bar ni in je gida ranar saran farko, tun da rake ba zai zo wurina ba. Ya binciki hanya ya bar ni.

Na isa Dakko, ranar saran na dama fura na bi Baba gona, ni da ƙanena. Baba yana zaune a gindin mangwaro kusa da tarkon, yana ta duban hanya. Da hantsi babur ya sauke malamar. Yarinya ce, ba za ta kai ƙanwata ta uku ba, da dogon hijabi da takalmin roba har gwiwa, da jaka a kafaɗa. Baba ya miƙe, shi da ke cewa ƙafa ba ta barin sa miƙewa.

“Ga sarauniyar tsutsa nan ta iso!”

Ta durƙusa. “Baba, an tashi lahiya? Ya gajiya? Ya ƙafa? Ya mutanen bokiti?”

“Baƙinki sun kwana. Ko sallama ba su yi mani ba.”

“Ai kai ka saba masu da kyauta, Baba. Sun ji labarin rakenka har garinsu.”

Ya nuna ni ya ce ga yayarta ta Dosara. Ta gaishe ni da ladabi, ta kira ni Yaya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Na so in sami abin ƙi a gaisuwar, ban samu ba. Suka juya ga tarkon, kawunansu kusa da juna, tana zazzage ƙwarin a kan farin ƙyalle, yana ware mata na gida da baƙi da tsinke. Ina tsaye da kwanon fura a hannu.

Bayan sun gama, ƙanena ya saro raken farko. Baba ya shafa aljihu, sannan ya ce, “Ɗiyata, ara mani wuƙata.”

Ta zuge jakarta ta ciro wuƙar mai mariƙin ƙaho. Ashe ya ba ta tun da damina, wai tata ta ofis ba ta tsaga rake da kyau. Ya duba raken gaɓa gaɓa bai ga huda ba, ya yi bisimilla ya fere. Ya yanke gindin. Hannuna har ya fara ɗagawa. Ya miƙa mata.

“Ke kin sha rana, riƙe.” Ya juyo gare ni da tsakiya. “Ke kin sha naki shekara da shekaru.”

Ita ba ta san komai ba, ta karɓa ta yi godiya. Ƙanena ya kalle ni ya ƙyalƙyale da dariya. “Yaya, yau kin ɗanɗani rabon talakawa. Mi kinka ji?”

Na ce, “Da daɗi.” Na shanye tsakiyar duka, don kada a ce wani abu. Washegari na koma Dosara. Ganina na ƙarshe da Baba ke nan.

Ba a gama saran shekarar ba ya rasu. Malamar ce ta je duba tarko ta same shi a zaune a gindin mangwaron, ya kasa tashi, bakinsa ya karkace. Ita ta kira ƙanena, ita ta samo mota, a cinyarta kansa yake har asibiti a Mafara. Ni labari ya same ni da safe, amma ranar ba mai babur ɗin da ya yarda ya bi hanyar. Na iso bayan an rufe shi.

Da na shiga gida na tarar da ita a zaune kusa da Inna, idanunta sun kumbura. Mata suna shigowa su yi wa Inna gaisuwa, su yi mini, sannan su juya gare ta su ce, “Malama, ya haƙuri? Ke kinka ga wahalarshi.” Ban ce kada su yi ba. Ta cancanci gaisuwar. Amma duk sanda aka faɗa sai in ji kamar an cire wani abu daga tabarmata an mayar kan tata. Ta san kalmar da ya faɗa ta ƙarshe, ni ban sani ba, kuma na hana kaina tambayarta.

Bayan addu'ar bakwai ƙanena ya gaya mini abin da ya yanke. Tsutsa ta ci gonar fiye da yadda Baba yake faɗa. Zai sare abin da ya rage a sha a nan Dakko, ya ƙone ganye da kututture, ya huta da rake. Shi dama ba ya son wahalarsa. Na tambaye shi irin fa. Ya ce, “Yaya, iri mai tsutsa wa zai so shi?”

Ban yi gardama ba. Da sassafe na ɗauki adda na tafi gona. Na zaɓi raken da na ga ya fi lafiya, na sare kawunansa, na ɗaure su da tsumma kamar yadda Baba yake ɗaure mini gindi. Niyyata in shuka su a gefen fadamar maigidana. Ban manta da maganar hana ƙetarawa ba. Na ce a raina wanda ya yi alkawarin ya tafi, kuma idan na bar kawunan nan, raken da ya fi ni daɗewa a gidanmu ya ƙare ke nan.

Ina cikin ɗaurin malamar ta iso duba tarko. Ta gaishe ni, ta dubi ƙunshin. Sannan ta ce, “Yaya, Dosara za ki da su?”

“Nan ne gidana.”

“Don Allah in duba ɗaya?”

Na ce ta duba. Ta ciro wuƙar ta tsaga wanda ni da kaina na fi yarda da shi. A waje sumul yake. A ciki ga wata siririyar hanya ja, ga tsutsar a kwance, fara-fara, ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba.

Ta ce, “Ba duka ke da ita ba. Amma ba a ganewa daga waje. In ta isa Dosara, ba rakenki kaɗai za ta ci ba, har shinkafar mutane.”

Na ce, “Kin hana ni dami yana da rai. Yanzu kuma iri.”

“Ba ni da ikon hana ki, Yaya. Roƙo nike.”

“Ubanki ne ko nawa?”

Ban taɓa yi wa baƙo magana irin wannan ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Naki ne.” Ta daɗe tana juya wuƙar a hannunta kafin ta ci gaba. Ta ce a wurin aikinsu a Mafara akwai wani fili da aka rufe da raga kamar gidan sauro. Idan na yarda, za ta tafi da kawunan ta shuka su a ciki. Wanda ya nuna tsutsa ta tumɓuke ta ƙone, wanda ya tsira ta raine shi har ya yi nasa kawunan, ta kawo mini Dosara da hannunta. Zai ɗauki shekara, kuma ba ta yi mini alkawarin ko ɗaya zai rayu ba.

Na tsaya ina kallon ƙunshin. Na tuna fadamar maigidana da ta maƙwabtanmu, da matan da muke sussukar shinkafa tare. Na kuma ga abin da take nufi a fili: wuƙar Baba tana jakarta, ranarsa ta ƙarshe tana wurinta, yanzu rakensa ma a hannunta zai rayu ko ya mutu. Ban miƙa mata ba. Na ajiye ƙunshin a ƙasa na juya na tafi gida, na ji ta tana ɗauka a bayana.

Shekarar ta yi mini tsawo. Tana aiko da hotuna ta wayar maigidana. Ya ce, “Zo ki ga 'ya'yanki sun yi toho.” Na ce ina aiki. Idan ya fita masallaci ya bar wayar a caji sai in ɗauka in kalla. Ganye kore a bayan raga, da hannunta a gefen hoton tana riƙe da shi. Wata rana ta aiko da hoton toka, ta ce ta ƙone fiye da rabi. Na yi kuka ranar kamar sabuwar rasuwa, na kuma ji haushinta, ko da yake na san abin da muka yi da ita ke nan.

Da lokacin shuka ya zagayo babur ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ta shigo da sallama, da ɗan ƙunshin da bai fi a rungume da hannu ɗaya ba, da bokiti da sanda. Ta ce sharaɗi ɗaya ne: duk inda raken nan ya zauna, tarko zai zauna kusa da shi, kuma za ta riƙa zuwa dubawa. Ranar da hanya ba ta biyuwa, ni zan buɗe in gaya mata ta waya abin da na gani.

Maigidana ya ce, “To, ga ki kin zama malamar gona babu albashi.”

Muka shuka su a gefen fadama, kusa da gida. Ni na jera kawunan a rami, idanu suna kallon gefe, yadda na ga Baba yana yi. Ta koya mini bambanta baƙon ƙwaro da na gida, da tsinke a kan farin ƙyalle. Ban tuna mata ranar da na ga tana yin haka da Baba ina tsaye da kwanon fura ba.

Haka ta zama mai shiga gidana. Yarana suka saba da ita, suna rige-rigen ɗaukar mata jaka. Ina dama mata fura, ina amsa gaisuwarta, amma ban sake da ita ba. Wata rana muna zaune a bakin fadama, bokiti babu komai sai ƙudaje, na kasa riƙe abin da na daɗe ina riƙewa.

Na ce, “Duk zaman nan da kunka yi da Baba, yana maganata?”

Na ga tana neman abin da za ta faɗa. Da ta so, da ta ƙirƙiro mini magana mai daɗi, ba ni da hanyar ganewa. Ta ce, “Yaya, gaskiya maganar ƙwari munka fi yi. Da ruwa, da farashin taki. Wani lokaci yakan ce bari shi kira Dosara, sai mu ga babu sabis.”

“A mota fa? Mi yac ce?”

“Salati yake yi. Sai sau ɗaya yac ce a rufe bokiti, na baro shi buɗe.”

Na yi dariya, hawaye na zuba. Wannan Baba ne, ba a ƙara masa komai ba. Na so a ce sunana ya kira. Bai kira ba, bai kuma kira nata ba, kuma sai da na ji kunyar irin sanyin da wannan ya sa mini.

Raken ya yi. Bai yi kauri kamar na Dakko ba, amma jan nan nasa da gajerun gaɓoɓin suna nan. Tarkonmu bai kama baƙon ƙwaro ba har lokacin sara. Na sa ranar saran farko ta dace da ranar zuwanta, don ba na son a ce na yi a ɓoye. Maigidana ya saro ɗaya ya kawo tsakar gida. Ta duba shi gaɓa gaɓa, ta ce lafiyarsa lau. Sannan ta zuge jaka ta miƙo mini wuƙar ta wajen mariƙi.

Ƙahon ya ƙara santsi. Na yi bisimilla na fere. Hannuna bai iya kamar na Baba ba, ɓawon yana tafiya da nama. Na yanke kan na ajiye gefe don iri. Na raba wa yara gaɓoɓin sama. Saura tsakiya da gindi, ga ta a zaune a gabana a kan tabarma.

Na miƙa mata tsakiya.

Ta karɓa, ta dubi abin da ya rage a hannuna, ta yi murmushi. “Baba dai gindi yake ba ni.”

Na ce, “Sau ɗaya ne, kuma aro ne.”

Maigidana ya yi dariya har da tari. Ita ba ta gane duka ba, amma ta yi dariya ita ma. Na sha gindin a gabanta, a hankali, har ƙarshe. Bai kai na Dakko zaƙi ba. Ƙasar ba ɗaya ba ce, ko kuma bakina ne ya canja.

Da ta tashi tafiya na wanke wuƙar na goge ta da gefen zanena. Ta ce in riƙe, ai tawa ce. Na daɗe ina kallon ta a tafin hannuna. Amma ita Baba ya ba, da ransa da hankalinsa, kuma daga wurina Faru za ta wuce, akwai raken da za ta tsaga a can. Na mayar mata. Na ce ta riƙa kawo ta duk ranar saran farko.

Tana kawowa. Har yanzu idan ta zuge jakar nan sai na kau da kai kaɗan kafin in miƙa hannu. Kawunan da na ajiye na mayar da su ƙasa, bana sun cika kunya biyu, bokitin kuma yana rataye a bakinsu. Gobe ranar dubawa ce, an ce hanya ba kyau, don haka ni zan buɗe.